Sai Ta Huce

A Ƙauran Namoda, idan ka bi ta bayan tashar jirgin ƙasa ka wuce masu sayar da itace, za ka ga wata tsohuwar darbejiya da ƙasar gindinta ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Nan ne garejin Ɗanbaba. Babu rumfa, babu allon suna, sai benci ɗaya, da akwatin sifanu, da wani ƙaton gwangwanin madara da yake jefa duk abin da ya ciro daga jikin mota. Can gefe kuma matattun injuna biyu ne a yashe, kaji na kwana a kansu. Shekara ashirin da bakwai yana wurin, kuma duk direban da ke bin hanyar Zurmi ko ta Shinkafi ya san shi da abu biyu, kunne da taurin kai.

Kunnen ba ƙarya ba ne. Zai ce a tayar da mota, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya gaya maka fulogi na nawa ne ke wasa da aikinsa. Taurin kan kuwa yana da tarihi, kuma tarihin na nan a hannunsa na dama. Yana saurayi ya buɗe murfin lagireton wata babbar mota da zafinta, tafasasshen ruwa ya yi tsalle ya dafa shi daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka: ba ya taɓa mota sai ta huce. Ko gidanka ke ci da wuta, zai ce ka kashe ta, ka ɗaga bonet, ka zauna a benci. A gaisa, a tambayi gida da gona da kasuwa, a kira mai fura, a taɓa gulmar waɗanda ba su nan. Sai ya ɗora bayan hannu a kan inji ya ji ya yi sanyi, sannan zai nemi sifana. Direbobi na mita, suna kuma dawowa, don aikinsa ba ya warwarewa. Wannan dawowa tasu ita ta ɓata shi, har ya kai ba ya jin magana in ba daga bakin inji ta fito ba.

Hauwa ce 'yarsa ta fari, kuma ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yansa. Da yake ta fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba. “Yarinyar nan” yake cewa, ko ya yi kamar bai san da zamanta ba, yadda kunya ta tanada. Amma kowa a gidan ya san ita ce ransa. An aurar da ita ga Armiya'u, wani manomi a Gurbin Bore, can gaba da Zurmi. Cikinta na fari ta zo gida goyon ciki kamar yadda aka saba, aka sha wuya kwana biyu, aka ciro yaron ba rai, ita ma da ƙyar ta sha. Ma'aikaciyar asibitin da ta karɓi haihuwar ta ja Ramatu, uwar Hauwa, gefe ta gaya mata ƙarara cewa ƙugun yarinyar ƙarami ne. In ta sake samun ciki, da zarar naƙuda ta taso a kawo ta inda likita zai iya yi mata aiki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

To ga ciki na biyu ya tsufa, a bazarar shekarar da aka fara shari'a. Ramatu ta yi ta juya abin a ranta, har wata safiya ta ajiye tata kunyar, ta tare shi yana shirin fita.

“Malam, da ka aika ma surukanka su bari yarinyag ga ta zaka nan ta haihu.”

“Haihuwa ta biyu?” in ji shi. “Mi za mu ce musu? Mu ce ba su iya riƙon mutum ba?”

“Ka dai san abin da anka hwaɗa muna asibiti.”

“Na sani. Motar Jibrin can take kwana, gida ukku tsakaninsu. Sa'a guda da rabi sun iso. Kuma motag ga ni ka duba ta, babu abin da za ta yi wanda ban sani ba.”

Ramatu ta juya ta koma ɗaki. Shi ma ransa bai kwanta ba, amma ya za a yi a ce Ɗanbaba ya tura saƙo gidan surukai a kan 'yar fari? Duk Ƙaura sai ta ji. Sai ya jingina dukan tsoronsa a jikin motar Jibrin, ya ɗauki hularsa ya fita.

Jibrin taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, don haka tun suna yara babu maganar da ke shiga tsakaninsu ba a yayyafa mata zolaya ba. Yana da tsohuwar mota doguwa, fara, mai cin mutum tara in an matsa. Da ita yake jigila daga Gurbin Bore zuwa Ƙaura, ranar Alhamis kuma ya ci kasuwar Shinkafi. A lokacin kaka, makon da aka yi babban taron ƙaddamar da shari'a a Gusau, ya kawo ta a wanke mata kafireto, don ya sami shatar mutane. Da Ɗanbaba ya ɗaga kafireton, sai ya ga wani baƙin faifai mai kauri da ke zaune tsakaninsa da inji ya tsage a gefe. Ya juya shi, ya yi tsaki, ya wurga shi cikin gwangwani. Ya ɗauko kwalin sukari a wurin mai shayi, ya yanka daidai bakin, ya shafa masa giris ya ɗaure. Iska ba ta shiga, mai ba ya yoyo, me kuma ake nema? Motar ta je Gusau ta dawo, ta ci duk watannin sanyi ba ta ko yi tari ba.

Da zafi ya shigo sosai, sai ta fara hali.

“Ɗanbaba, motag ga ta koyi wulaƙanci,” in ji Jibrin, ranar da ya fara kawo ƙara. “Da sahe taɓawa guda ta tashi. Amma in ta yi tahiya ta ɗau zahi, na kashe ta na ɗan jima, to sai ta ga dama. Jiya Shinkahi na cika ta da mutane da buhunnan albasa, tak ƙi. Sai da matan da na ɗauko sunka koma wata mota suna yi min dariya.”

“Kashe ta, ɗaga bonet, zamna.”

Aka zauna. Aka sha fura, aka yi hirar sababbin motocin haya na mata zalla da aka ce sun cika Gusau, da 'yan kabu-kabu da aka hana ɗaukar matan mutane, da wane da ya tsayar da gemu cikin mako biyu. Bayan sa'a guda Ɗanbaba ya taɓa inji, ya ce a murɗa makulli. Taɓawa guda ta tashi, tana kaɗawa lafiya lau.

“To ina ciwon?”

“Wallahi tana yi.”

“Tsuhwa ta kama ka, Jibrin. Ƙahwarka ka rawa bisa totur, ka ɗora ma mota.”

Duk da haka ya canza mata fulogai, don kada a ce bai yi kome ba. Bayan kwana goma Jibrin ya dawo da ƙarar nan dai. Aka zauna, ta huce, ta tashi. Ɗanbaba ya goge kwantak, ya ɗaure kan batir, ya kuma ba Jibrin shawara ya je a yi masa rubutu ya sha, wai ko shi aljanun suke bi ba motar ba. Jibrin dai ya koyi zama da ita. In ya fito aiki ba ya kashe ta sai ya gama lodi, in kuma dole ce, ya nemi gangare ya ajiye ta.

Zuwa na uku ranar wata Laraba ce, da rana tsaka. Jibrin ya shigo da motar tana huci, ya kashe, bai ɗaga bonet ba, bai kuma zauna ba. Ya miƙa wa Ɗanbaba wani ƙullin leda.

“Daddawa ta, da man shanu. In ji ɗiyarka.”

Ɗanbaba ya karɓa ya ajiye a kan benci kamar ba shi aka aiko wa ba. “Mutanen gida lahiya?”

“Lahiya lau, sai nauyi. Ƙahwahunta sun kumbura. Watan ga na, ko yau ko gobe. Tac ce in hwaɗa ma, a ce ma Baba shi duba muna motag ga da kyau, don ita ta jakata ta zuwa asibiti.” Jibrin ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta ɗauke. “Ɗanbaba, bar wasa. Yanzu na kashe ta. Ba ta minti biyat ka murɗa da hannunka, ka gani.”

Maganar ta shiga Ɗanbaba. Ya dubi motar, zafi na tashi daga bonet yana rawa a iska, sai tabon hannunsa ya yi masa tsam. Ga kuma direbobi biyu a benci sun zuba ido, suna jiran su ga ko yau dokar za ta karye. Da shi da Jibrin ne kawai, wataƙila da ya tashi. Amma a gaban mutane, a ce saƙon 'yar fari ya ɗaga shi daga zaune?

“Sai ta huce,” ya ce.

Ta huce, ta tashi. Ya canza mata kwayil da wani da ya ciro daga akwati, ya bugi bonet da tafin hannu, ya ce da Jibrin ya je ya kwana da ido biyu rufe. Jibrin ya dube shi ya daɗe, bai rama zolayar ba, ya shiga ya ja.

Ranar Juma'a Ɗanbaba ya dawo daga masallaci, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa a zaure. Ana gab da kiran La'asar ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ko a cikin barci ya san ƙarar salansar nan da ta fashe. Ya fito da sauri babu hula. Jibrin na zaune a bayan sitiyari, hannu biyu a kai, bai kashe injin ba. Armiya'u ya fito daga baya, rigarsa duk jini, ya durƙusa a gaban surukinsa. A kujerar baya tsohuwar Armiya'u na rungume da Hauwa, an ja mayafi an rufe mata fuska.

“Mun biya asibiti,” in ji Jibrin, bai ɗago ba. “Sunka duba, sunka ce mu wuto gida. Muna hangen gidajen Ƙaura ta cika.”

Daga cikin gida Ramatu ta ji, ta saki salati da wata murya da Ɗanbaba bai taɓa jin ta da ita ba. Aka yi wa Hauwa sutura, ita da abin da ke cikinta, aka kai ta kafin Magariba. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Bai yi kuka ba, mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, alhali ba haƙuri ba ne, ƙirjinsa ne ya daskare.

Sai a rana ta biyu ta zaman makoki, da masu gaisuwa suka ragu wajen hantsi, Jibrin ya matso kan tabarmarsa ya ba shi labarin. Naƙuda ta taso wajen ƙarfe ɗaya. Ba a tsaya jiƙa kome ba, Armiya'u ya rugo ya kira shi, suka ɗauko ta. Motar ta tashi taɓawa guda, tana gudu kamar ta san abin da ta ɗauko. Kafin Zurmi akwai wani ƙauye da masallacin Juma'arsa ke bakin titi, kuma tun da aka fara shari'a masallacin ya daina ɗaukar mutanensa, sahu na fitowa ya cinye titi gaba ɗaya. Suna isa ana tayar da iƙama. Dama katangar masallaci, hagu rami da kwalbati, babu ta inda za a ratse.

“Na tsaya bayan sahun ƙarshe,” in ji Jibrin. “Ka san salansata. Liman na kabbara, ita tana ruri, hayaƙi na shiga hancin mutane. Wani tsoho yaj juyo yad dube ni sau guda. Bai ce min kome ba, wallahi bai ce ba. Ni na ji kunya. Nic ce raka'a biyu ta, minti biyat. Hannuna yat tahi ga makulli.”

Da aka sallame, mutane suka buɗe hanya, motar ta ƙi. Ya yi ta murɗawa yana buga totur, har batir ya mutu. Masallata suka taru suka tura ta har bayan gari, suka juyo da ita, tana tari ba ta kamawa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ko an hana shi zai ɗauke ta, amma Hauwa ba ta ko iya zama, sai aka tura shi Zurmi neman mota. Ranar Juma'a ce, ga wahalar mai, titi fayau. Sun fi sa'a guda da rabi a wurin. Kafin motar Zurmi ta iso, tasu ta huce, aka ɗan tura ta ta kama.

“Ni na kashe ta, Ɗanbaba. Na san halin motata, na kashe ta da hannuna.”

“Kwananta ya ƙare,” in ji Ɗanbaba, don abin da ake faɗa ke nan. Amma tun daga lokacin kalma biyu suka maƙale masa a kunne, minti biyar. Abin da Jibrin ya roƙe shi ranar Laraba ke nan.

Bayan addu'ar uku da kwana biyu ya koma gareji, don zaman gidan ya fi ƙarfinsa. Ramatu ba ta ce masa kome ba, ko sau ɗaya ba ta tuna masa maganar da ta yi ba. Tana kawo abinci, tana ɗauke kwano, shirun nan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Yana zaune a benci Jibrin ya zo a ƙasa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ajiye makulli a kan akwatin sifanu, ya ce motar na ƙofar gidan Ɗanbaba tun ranar, a nemo mai saye ko a farfasa ta a sayar da ƙarfen, shi dai ba zai sake zama a cikinta ba.

Ɗanbaba ya dubi makullin. Ya tashi ya ɗauki sifana uku da sukundireba ya zuba a aljihu, ya ɗauki butarsa.

“Taso mu tahi.”

“Ina?”

“Ka tuƙa ni. Hanyar Kasuwar Daji. Ka ba ta wuta yadda kab ba ta rannan.”

Shekara ashirin da bakwai Ɗanbaba bai taɓa bin mota gwaji ba. Jibrin ya dubi fuskarsa, ya ɗauki makullin. Suka je suka ɗauko ta, ta tashi taɓawa guda. Rana ta take, gonaki duk a share suna jiran ruwa, babu ko ganye ɗaya mai motsi. Ɗanbaba bai waiwaya kujerar baya ba, ko da yake an wanke ta. Da suka yi tafiyar rabin sa'a ya ce a sauka gefen titi a kashe.

“Duba agogonka. Biyat.”

Suka zauna cikin zafin suna jin ƙarfe na ƙas-ƙas. Da lokaci ya cika Jibrin ya murɗa. Injin ya juya, ya juya, ya juya, bai kama ba. Ƙafar Jibrin ta fara bugun totur da kanta.

“Ɗauke ƙahwarka,” in ji Ɗanbaba. Ya fita ya ɗaga bonet.

Zafi ya bugi fuskarsa, tabonsa ya yi tsam, bai ja da baya ba. Warin fetur ne ya fara tarbarsa, mai ƙarfi, har yana hawa ido. Ya kwance tukunyar iska da ke kan kafireto, ƙarfen na cin yatsunsa, ya sunkuya ya kara kunnen nan nasa da ake yabo. Sai ya ji shi. Can cikin kafireto fetur ke tafasa, ƙul-ƙul-ƙul, kamar butar mai shayi. Ya leƙa maƙogwaron kafireton ya ga man na tsartuwa yana gangarawa cikin inji babu wanda ya taɓa shi.

Nan take abin ya warware masa, da sauƙin da ya ba shi haushi. Muddin mota na tafiya, iska na busawa, sabon mai na shigowa da sanyinsa. Da an kashe ta, iska ta tsaya, duk zafin inji sai ya hau sama ya taru a kafireto, ya dafa man da ke ciki, man ya malala ya shaƙe injin. In ka murɗa nan take za ta tashi, in ka bari ta huce za ta tashi. Tsakanin nan ne ba ta tashi, kuma duk bugun totur ƙara mata shaƙa yake. Amma me ya sa zafin ke hawa haka? Ya sa yatsa ƙarƙashin kafireto, inda ya haɗu da inji. Maimakon baƙin faifai mai kauri, sai ga bakin kwali ya leƙo, ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, har ana iya ganin sauran shuɗin zanen kwalin sukari. Faifan nan da ya yi wa tsaki ba don toshe iska kawai aka sa shi ba. Shi ke tare zafi.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya cire hularsa, ya tsiyaya mata ruwan buta har ta jiƙe sharkaf, ya lulluɓa wa kafireton. Ta yi cuu, tururi ya tashi. Ya ƙara ruwa, ya sake ƙarawa. Ba a fi minti uku ba ya ce da Jibrin ya taka totur har ƙasa ya riƙe, kada ya buga, ya murɗa. Injin ya juya sau huɗu, ya yi tari, ya tashi da baƙin hayaƙi.

Jibrin ya fito a hankali ya zagayo. Ya dubi jiƙaƙƙiyar hular, ya dubi butar.

“Ruwa?” ya ce. “Ruwan buta?”

“Ruwan buta.”

“Ɗanbaba, bakin masallaci muke. Butoci sun hi ɗari a wurin.” Ya zauna a ƙasa cikin turɓaya ya rufe fuska da hannu biyu.

Ɗanbaba ya tsuguna a gabansa. Zai iya yin shiru. Babu wanda ya ga kwalin nan sai shi, babu kuma wanda zai san ma'anarsa. Amma ya ga yadda mutumin nan ya rame cikin kwana biyar da kayan da ba nasa ba.

“Tashi ka gani,” ya ce. Ya kama hannunsa ya kai shi gaban motar, ya nuna masa bakin kwalin. “Ka tuna wankin kahireto, da kaka? Akwai abin da nic cire nan ban maida ba. Ni na yanka wanga da hannuna. Sau ukku kana kawo min ita, kana hwaɗa min gaskiya, ina yi maka dariya. Ran Laraba kac ce in ba ta minti biyat, na ƙi. Kowa na kashe mota bakin masallaci, Jibrin, ta kuma tashi. Ba kai ba na. Ni na.”

Jibrin ya girgiza kai yana hawaye, yana cewa ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta. Ɗanbaba ya ce ya sani, ya kuma yi imani, amma a bar masa nasa ya ɗauka.

Suka koma gareji. Bai ce a zauna ba, bai kira mai fura ba. Direbobin da ke benci suka miƙe tsaye suna kallon Ɗanbaba ya dira kan inji da zafinsa. Ya kifar da gwangwanin madarar a ƙasa, ya tona cikin tsofaffin fulogai da notuna, ya sami faifan, tsagarsa ba ta kai tsawon farce ba. Ya sa shi a aljihu. Sannan ya kori kaji daga kan ɗaya daga cikin matattun injunan nan, ya kwance noti huɗu, ya ciro irinsa lafiyayye, wanda ya shekara shida yana kwance taku goma daga bencinsa. Ya kankare kwalin, ya ɗaura faifan. Duka aikin bai kai minti ashirin ba. Da ya gama, yatsunsa sun tashi sun yi ruwa, bai ko duba su ba.

“Mu koma,” ya ce.

Suka koma daidai inda suka tsaya ɗazu, ga ma alamar ruwan butar nan a turɓaya. Jibrin ya kashe, suka jira minti biyar, ya murɗa. Taɓawa guda.

“Kashe. Mu ba ta goma.”

Suka ba ta goma. Taɓawa guda.

“Kashe.”

“Ɗanbaba,” in ji Jibrin a hankali, “ta gyaru.”

“Ta gyaru.”

Ya zauna yana sauraren injin, yana kaɗawa sumul, babu abin da kunne zai kama. A lokacin ne ya juya, karo na farko, ya dubi kujerar baya. Abin da ya daskare a ƙirjinsa tun ranar Juma'a ya narke gaba ɗaya.

“Na duba ta, Hauwa,” ya ce. “Na duba.”

Jibrin bai taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya kau da kai ya dubi gonaki, ya bar shi ya yi kukansa. Injin na ta aiki, titi a buɗe har Ƙaura, su kuwa babu inda za su da sauri.